Sarkin Kano Alhaji Abdullahi Bayero (1881–1953): Sarkin da Jami'a Ta Gaji Sunansa

Gabatarwa



Babu wata unguwa a Fagge ko Sabon Gari da za a rasa gidan da ke da ɗa ko 'ya a Jami'ar Bayero, ko wanda ya gama, ko kuwa mai fatan shiga. Amma da za a tara waɗannan matasa a tambaye su wane ne Bayeron da jami'ar ke amsa sunansa, da yawansu za su ce marigayi Sarki Ado ne, domin shi suka buɗe ido suka gani a kan gadon sarauta. Alhali kuwa sunan mahaifinsa ne, wato Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda talakawansa suka fi sani da Sarki Alhaji. Wannan ne dalilin da ya sa muka ga ya dace shafin tarihi na mujallarmu ta bana ya waiwayi rayuwar wannan bawan Allah, ya nuna yadda irin da aka shuka a zamaninsa ya tsiro ya zama jami'a, sannan ya faɗi abin da ya rataya a wuyanmu mu mutanen Waje game da ita.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Abdullahi Bayero a shekarar 1881, wadda ta yi daidai da 1299 ta Hijira. Shi ɗa ne ga Sarkin Kano Muhammadu Abbas, ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi, ɗan Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya kafa gidan sarautar Sulluɓawa a Kano a shekarar 1819. Ya yi karatun Alƙur'ani da na littattafan addini a hannun malaman fada, kamar yadda aka saba yi wa 'ya'yan sarauta a wancan zamani.

Ƙuruciyarsa ba ta zo a lokacin kwanciyar hankali ba. Yana ɗan shekara 12 yaƙin Basasa ya ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, jikokin Dabo suka ɗaga wa juna takobi, har aka ƙare da hawan Sarki Alu. Yana ɗan shekara 22 kuma, a watan Fabrairu na 1903, sojojin Turawa suka fasa ganuwa suka shiga birnin Kano, Sarki Alu ba ya gari. Bayan karon Kwatarkwashi, Wamban Kano Abbas ya komo gida da sauran jama'a, Turawa suka naɗa shi sarki. Saboda haka Bayero ya ga abubuwa biyu da idonsa tun bai cika shekara 25 ba: ya ga abin da rabuwar kai ke haifarwa a cikin gida, ya kuma ga yadda wanda ya fi ka sanin kayan zamani yake fin ƙarfinka ko da ka fi shi yawa. Duk wanda ya duba mulkinsa daga baya zai ga alamar waɗannan darussa biyu.

Mahaifinsa ya naɗa shi Ciroman Kano. Da Turawa suka kawo tsarin gundumomi, suka fitar da hakimai daga birni zuwa ƙasashensu, Ciroma Bayero ya riƙe ƙasashen da ke kewaye da birni, ya zauna a Dawakin Kudu, ya zauna a Fanisau, daga baya ya koma Bici. Da Sarki Abbas ya rasu a 1919, sarauta ba ta faɗo kansa ba, ta tafi ga baffansa Usman. Ciroma ya yi haƙuri ya ci gaba da hakimcinsa har shekara 7. Mahaƙurci mawadaci, in ji masu iya magana. Da Sarki Usman ya rasu a 1926 aka naɗa shi Sarkin Kano, aka ba shi sandar mulki a watan Fabrairu na 1927. Ya hau yana da kimanin shekara 45, bayan ya shafe shekaru masu yawa yana sanin ƙauye da haraji da halin talaka.

Kanon da ya tarar

Kanon da Sarki Bayero ya gada ta riga ta zama gari uku a jiki ɗaya. Akwai birni a cikin ganuwa. Akwai Fagge a bakin ganuwar, tsohon zangon ayarin Azbinawa da fataken da ke ratso hamada da raƙuma, wadda tarihin baka ke danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Akwai kuma Sabon Gari, wadda Turawa suka yanka a 1913 domin ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da 'yan kasuwa daga kudancin Nijeriya da Saliyo da Gwalkwas, bayan dogo ya iso Kano a 1911. Cinikin gyaɗa ya buɗe tun 1912, ya jawo kamfanonin Turawa da Kwarori, ya kuma ɗaukaka attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata. A watan Nuwamba na 1925, 'yan watanni kafin hawansa, jiragen sama na farko suka sauka a Kano daga Masar.

Sabon Gari a lokacin ba ta ƙarƙashin Sarki, tana hannun jami'in Turawa ne kai tsaye. A can ne aka yarda 'yan mishan su buɗe makarantu, abin da aka hana su a birni. Sakamakon haka 'ya'yan Sabon Gari suka yi nisa a boko, su ne akawunan kamfanoni da na reluwe da gidan waya, alhali 'ya'yan birni da na Fagge, duk da zurfinsu a karatun allo da na zaure, ba su da takardar da ofis ke nema. Wannan giɓi shi ne babbar matsalar da ke gaban duk wani shugaban Kano mai hangen nesa.

Gyaran mulki da ayyukan raya gari

Abu na farko da ya yi shi ne gyaran fada. Ya rage ƙarfin manyan bayin sarki, waɗanda a da su ne ƙofar da kowa ke bi kafin ya kai ga sarki, ya raba aiki tsakanin 'yan majalisarsa: Waziri da sha'anin shari'a, Madaki da hakimai, Galadima da birni, Ma'aji da baitulmali. Da wannan tsari En'e ta Kano, wadda ta fi kowace En'e ta Arewa kuɗin shiga, ta sami damar ɗaukar manyan ayyuka.

Mafi shahara a cikinsu shi ne aikin ruwan famfo da wutar lantarki, wanda aka buɗe a 1931 da kuɗin baitulmalin Kano. Aka jawo ruwa daga kogin Calawa aka tara shi a kan Goron Dutse, daga nan ya gangaro cikin gari. Kafin wannan, jama'a sun dogara ne da rijiyoyi da kududdufai, tare da cututtukan da ke biyo bayansu. A farkon mulkinsa kuma aka kafa Asibitin Birni, wanda yau ake kira Asibitin Murtala Muhammad. A zamaninsa aka yanka sababbin filaye a Fagge aka fitar da layuka, abin da ya ba unguwar fasalin da muka taso muka gani. A 1936 jiragen fasinja suka fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano, filin jirgin ya ƙara bunƙasa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1940 kuma aka mayar da Sabon Gari ƙarƙashin En'e, mazaunanta suka zama talakawan Sarkin Kano kamar kowa.

Tafiye-tafiyensa

A 1934 ya ziyarci Ingila tare da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Gwandu Usman. A 1937 ya sauke farali, ya zama Sarkin Kano na farko da ya yi aikin Hajji yana kan gado, daga nan laƙabin Sarki Alhaji ya bi shi. A cikin 'yan rakiyarsa akwai ƙanensa Galadima Abdulƙadir da amininsa Malam Sulaimanu, wanda ya zama Walin Kano. A wannan tafiya ce ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ta ƙasar Senegal, wanda daga baya ya riƙa ziyartar Kano, haɗuwar da ta canja tarihin ɗariƙar Tijjaniyya a Afirka ta Yamma. Ya kuma biya ta Masar ya ga masallatanta da makarantunta. Abin da ya gani can ne ya ƙarfafa masa gwiwar sake gina babban Masallacin Juma'a na Kano, wanda aka kammala a 1951.

Hidimarsa ga ilimi

A nan ne zancenmu ya fi nauyi. A zamaninsa makarantun elementare na En'e suka ƙaru, Midil ta Kano, wadda yau ake kira Kwalejin Rumfa, ta tsaya da ƙafafunta. Daga cikin waɗanda suka bi ta elementaren Shahuci da Midil akwai Malam Aminu Kano da Alhaji Yusuf Maitama Sule. A farkon shekarun 1930 aka fara koyar da 'yan mata karatun boko a Kano, aka soma da 'ya'yan fada, domin talaka ba ya sakin 'yarsa sai ya ga ta sarki ta shiga.

Sai dai babban abin da ya bambanta shi shi ne fahimtar da ya yi cewa mutanen Kano ba za su rungumi makarantar zamani da zuciya ɗaya ba muddin suna ganin ta a matsayin kishiyar karatun addini. Maganin da aka samo shi ne a ɗauki ilimin da malamai ke bayarwa a zaure, a shigar da shi aji, da allo da jadawali da jarrabawa da takardar shaida. Da wannan niyya aka buɗe Makarantar Shari'a ta Shahuci a shekarun farko na mulkinsa, Malam Sulaimanu ya shugabance ta. A 1934 aka kafa Makarantar Horon Alƙalai ta Lardunan Arewa a Kano, aka ɗauko mata malamai daga ƙasar Sudan, cikinsu har da Shehu Bashir al-Rayyah. A 1947 aka faɗaɗa ta, aka ƙara mata horon malaman makaranta da Turanci da lissafi, aka sauya mata suna ta koma Makarantar Nazarin Larabci, wadda mutanen Kano suka fi sani da SAS.

Wannan makaranta ta yaye mutanen da suka riƙe shari'a da ilimi a Arewa. Shehu Abubakar Mahmud Gumi ya gama ta a 1947, ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962. Malam Halliru Binji da Malam Shehu Galadanci suna cikin waɗanda aka tura ƙaro ilimi a Bakhtur Ruda ta Sudan a tsakiyar shekarun 1950. Ta haka aka sami wani sabon rukunin malamai, masu Larabci da Turanci a baki ɗaya, waɗanda zaure bai ƙi su ba, ofis ma bai ƙi su ba.

Shekarun ƙarshe da tarzomar 1953

Tarihi ba ya cika idan an faɗi daɗi an ɓoye ɗaci. A ƙarshen mulkinsa tsufa ya kama Sarki, yawancin al'amura suka koma hannun babban ɗansa, Ciroma Muhammadu Sanusi. Koke-koken talakawa game da haraji da aikin tilas da zaluncin wasu hakimai da dogarai suka yi yawa. A ranar 8 ga Agusta 1950, a nan Sabon Gari, wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa ya shigo cikinta, ya zama jagoranta. Fagge ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyinta, 'ya'yanta da yawa kuma suka sha ɗauri a kotunan En'e. Abin lura shi ne, da yawa daga masu wannan gwagwarmaya makarantun da aka gina a zamanin Sarki Alhaji ne suka buɗe musu ido. Haka ilimi yake, ba ya tambayar wanda ya biya kuɗinsa kafin ya yi aikinsa.

A watan Maris na 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956 a majalisar Ikko, wakilan Arewa suka ƙi amincewa da sa rana, aka yi musu ihu a titi. Da tawagar jam'iyyar Action Group ƙarƙashin Samuel Akintola ta shirya taro a Sabon Gari, sai rikici ya tashi ranar 16 ga Mayu, ya ɗauki kwana 4. Fagen faɗan shi ne iyakar Fagge da Sabon Gari. Rahoton hukuma ya ce mutum 36 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni. Maƙwabtan da suka shekara suna ciniki da juna suka wayi gari da shinge a tsakaninsu. Tushen abin siyasa ce, amma abin da ya ba wutar iska shi ne tsoron da mutanen Arewa ke yi cewa in Turawa suka tafi, masu takardar boko ne za su gaje kujerunsu. Wato giɓin nan na ilimi da Sarki ya tarar a 1926 bai gama cikewa ba.

Bayan wata 7, a Disamba 1953, Allah Ya yi wa Sarki Alhaji rasuwa yana da shekara 72, bayan ya yi shekara 27 a kan gado. Ɗansa Muhammadu Sanusi ya gaje shi har 1963, sai ƙanensa Muhammadu Inuwa na 'yan watanni, sannan ɗansa Ado Bayero, wanda ya yi fiye da shekara 50 har rasuwarsa a 2014.

Daga SAS zuwa Jami'ar Bayero

Sarki Alhaji bai ga jami'a a Kano da idonsa ba, amma a cikin harabar makarantar da aka kafa a zamaninsa aka haife ta. A 1960 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe Kwalejin Ahmadu Bello a cikin SAS, domin shirya ɗalibai shiga jami'a. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sunan Sardauna ya koma can, aka raɗa wa ta Kano Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama reshen Zariya mai kula da Larabci da nazarin addinin Musulunci da fannonin adabi.

A nan akwai abin da ya kamata kowane ɗan Fagge ya sani. A 1964 kwalejin ta tashi daga birni ta koma tsohon otal ɗin filin jirgin sama, wato a wannan ɓangare namu na Waje, a can ta ɗauki ɗalibanta 10 na farko masu neman digiri, waɗanda suka gama a 1966. Shugabanta a lokacin shi ne mashahurin malamin Larabcin nan na Sudan, Abdullahi al-Ɗayyib, abin da ya sake ƙulla igiyar da aka fara ƙullawa a 1934. Yaƙin basasar Nijeriya ya sa zama kusa da filin jirgi ya zama haɗari, kwalejin ta koma matsuguninta na kusa da Ƙofar Kabuga da Dukawuya, wanda yau ake kira tsohuwar jami'a. A 1975 ta zama kwalejin jami'a, a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a mai cin gashin kanta, Dokta Mahmud Tukur ya zama shugabanta na farko. Daga baya aka gina sabon matsuguni a kan hanyar Gwarzo.

Abin da jami'ar ta mayar wa gari

Jami'a ba ta amsa sunanta sai bincikenta ya fito daga ɗakin karatu ya shiga gidajen mutane. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya, wadda aka kafa a 1969, ta yi aikin daidaita rubutun Hausa da ƙirƙiro kalmomin fannoni, a 2006 kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ke bayanin Hausa da Hausa. Duk malamin firamare da ya taɓa rasa yadda zai fassara wa yara wata kalma ya san darajar wannan aiki.

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda jami'ar ke horar da likitocinta, an kafa shi a 1988, ya kuma fara aiki ne a cikin Asibitin Murtala, wato tsohon Asibitin Birni na zamanin Sarki Alhaji, kafin ya koma hanyar Zariya. A 2002 aka fara dashen ƙoda a cikinsa. A 2012 jami'ar ta kafa Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa, wadda Bankin Duniya ya zaɓa a 2014 cikin fitattun cibiyoyin bincike na Afirka, tana karɓar ɗalibai daga ƙasashen maƙwabta, tana nazarin ƙasa da iri da kiwo a yankin da damina ke gajarta. Wannan ya shafi kowane ɗan kasuwar hatsi da kowace uwar gida.

Wani abin da ya isa a tsaya a yi tunani a kansa shi ne Gidan Mambayya da ke Gwammaja, gidan da Malam Aminu Kano ya zauna har rasuwarsa a 1983. Tun shekarar 2000 gidan ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Jami'ar da ke ɗauke da sunan Sarki ita ce ke riƙon gidan jagoran masu adawa da mulkin En'e. Abin da siyasa ta raba, ilimi ya haɗa shi a inuwa ɗaya.

Kammalawa

'Yan'uwa, Allah Ya albarkaci Fagge da Sabon Gari da kasuwa. Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari da Singa suna ciyar da dubban gidaje, babu mai raina wannan ni'ima. Amma ita ce kuma jarrabawarmu, domin yaro yakan ga kuɗin yini a hannu ya raina aji, uba kuma ya ga ɗansa ya fara kawo cefane ya kau da kai. Gobarar da ta cinye kasuwar Sabon Gari a 2016 ta nuna mana cewa dukiyar shekara 30 tana iya zama toka a dare ɗaya, abin da ke cikin kai kuwa wuta ba ta cin sa. Kasuwar kanta ma yau tana neman mai lissafi da mai sanin doka da mai iya kwamfuta.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu da attajiranmu da su mayar da tallafin karatu aikin kowace shekara, a fara da kuɗin jarrabawa da na rajista, waɗanda su ne ke tsayar da 'ya'yan marayu da na masu ƙaramin ƙarfi a bakin ƙofa, kada kuma a bar 'ya'ya mata a baya. Muna kira ga 'ya'yanmu da ke koyarwa ko karatu a jami'ar da su riƙa waiwayar makarantun firamare da sakandaren da suka yaye su, ko da da darasin yini ɗaya ne a lokacin hutu. Muna roƙon masu bincike su juyo da alƙalaminsu kan matsalolinmu: magudanar Jakara, cunkoso, gobarar kasuwanni, da tarihin dattawanmu da ke tafiya da abin da suka sani. A ƙarshe, kowane aiki da za mu yi, a yi shi da ɗan Fagge da ɗan Sabon Gari tare, domin 1953 ta riga ta koya mana kuɗin da rabuwa ke ci.

Allah Ya jiƙan Sarki Alhaji Abdullahi Bayero, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa makarantun da aka kafa a zamaninsa su zama sadaka mai gudana a gare shi. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya zaunar da Kano da Nijeriya lafiya, amin.